Kabewar Ƙofar Gida da ta Tukunya: Littafin Gonata a Ohio

18 Fabrairu 2024

Tun Nuwamban da ya wuce abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kwana biyu bayan bikin Halloween, wanda Amurkawa suke ƙawata ƙofar gida da kabewa dominsa a ƙarshen Oktoba, na fita raka yara bakin motar makaranta, sai ga kabewa jibge a bakin titi tun daga farkon layinmu har ƙarshensa, ana jiran motar shara. Waɗanda aka fafe aka yi musu ido da baki sun riga sun fara narkewa, ban damu da su ba. Amma akwai lafiyayyu, ko ƙwarzane babu a jikinsu. Na roƙi maƙwabciyata guda biyu, ta ba ni tana mamaki, na zo na yi miyar taushe.

Miyar ta fito salam. Ruwa tsululu, zare-zare kamar soso, babu zaƙi babu ƙamshi. Maigida ya ci loma uku ya ce a ba shi yaji. Ranar na gane abin da Bahaushe yake nufi da kabewar kan kabari, baƙin cikin mai taushe.

Daga baya na fahimci dalili. Wannan jar kabewar da ake tarawa a gaban kantuna ba don ciki aka fitar da ita ba. An zaɓo ta ne don faɗin rami, da tsayuwa cak, da mariƙi mai ƙarfi. Mafi shahara a cikinsu sunanta Howden, sunan manomin jihar Massachusetts da ya fitar da ita ta ci. Ita kuma ta gwangwani da Amurkawa suke yin kek ɗin bikin Thanksgiving da ita, wata kabewa ce daban, Dickinson, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ake nomawa a kewayen garin Morton na jihar Illinois. Ashe su ma sun raba ta ido da ta baki.

To ni ba zan iya wannan rabon ba. Gidanmu ba ma bikin Halloween, amma yara suna son su ga ƙofarmu ta yi kyau kamar ta kowa idan ganye ya fara sauya launi, ni kuma ba zan sayi abinci don a zubar ba. Don haka na yi niyya: bana zan shuka tsofaffin irin kabewa, irin gado, in nemo wadda za ta zauna a bakin ƙofa a Oktoba, ta shiga tukunya a Nuwamba. Na karɓi fili a gonar unguwa, ƙafa 20 faɗi, ƙafa 30 tsawo.

3 Maris 2024

Makonni biyu ina fama da littattafan masu sayar da iri. Hotuna kawai sun isa su ruɗa mutum. Abin da ya taimake ni shi ne na daina kallon launi na koma kallon dangi, domin kabewar lambu kusan duk daga gida uku take, waɗanda masana tsirrai suke kira pepo, maxima da moschata. Wannan ba ilimin boko ba ne kawai, shi ne zai gaya maka wadda tsutsa za ta kashe, da wadda za ta daɗe a ajiye, da wadda za ta yi barbara da wace.

Irin gado kuwa shi ne wanda idan ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi, abin da ka shuka bara shi zai fito, muddin ba a gauraya shi da wani ba. Na kamfani mai alamar F1 ba ya yin haka.

Guda biyar na tsayar. Rouge Vif d'Étampes, 'yar Faransa, ja jawur, a baje kamar an zauna a kanta. Kamfanin Burpee ne ya shigo da ita Amurka a 1883, kuma ita ce babbar 'yata ta nuna da yatsa ta ce ko ita ko babu. Sai Jarrahdale, mai launin toka da shuɗi-shuɗi, wadda ta ci sunan wani ƙaramin gari a yammacin Ostareliya. Waɗannan biyun maxima ne. A gidan moschata na ɗauki Musquée de Provence daga kudancin Faransa, mai zurfin tsaga, da Long Island Cheese, wadda ba ta da wani kyan a zo a gani, launinta kamar na sabuwar ƙwarya, an sa mata sunan ne don ta yi kama da curin cukun Turawa. Ta biyar Winter Luxury, ƙarama, gidan pepo, tun 1893 ake sayar da ita, ɓawonta da saƙa kamar raga.

Na so in ƙara Galeux d'Eysines, wadda jikinta kamar an manna mata ɓawon gyaɗa, amma fili ya hana. Kabewa ba ta san iyaka ba, yaɗo ɗaya sai ya yi mita huɗu ko biyar.

Na tura wa Hajiyata hotunan ta WhatsApp. Ta dubi mai launin tokar ta ce, "Ke kuwa wannan ba ciwo take yi ba?"

5 Mayu 2024

Na shuka Musquée a 'yan kofuna a bakin taga, domin ita ce mai nawa, tana son kusan kwana 120. Sauran kai tsaye zan zuba su a gona. A nan tsakiyar Ohio mutum ba ya amincewa da sanyi sai tsakiyar Mayu ta wuce.

25 Mayu 2024

An shuka. Tudu biyar, kowanne na haɗa shi da ruɓaɓɓen takin doki da wani dattijo a gonar ya raba mana. Ƙwaya huɗu a kowane tudu, idan sun tsiro in bar biyu masu ƙarfi. Na yi wa kowanne alama da katako.

Dattijon nan ya daɗe yana noma a wurin. Da ya ji sunayen abin da na shuka sai ya girgiza kai a kan Rouge Vif da Jarrahdale, ya ce in shirya wa watan Yuli. Na yi murmushi kawai, a raina na ce wanda ya taso yana ganin kabewa tana hawa danga da kanta a bayan ɗaki, ba wanda ya kula ta, shi za a koya wa noman kabewa?

22 Yuni 2024

Bayan Babbar Sallah zafi ya sauko mana na kusan mako guda, irin wanda maƙwabta suke ta kuka da shi, ni kuwa ya tuna mini da Afrilun gida. Kabewa ta ji daɗinsa. Rouge Vif ta fi kowa hanzari, ganyenta kamar faifai. Moschata biyun nan suna tafe a hankali, ganyensu da ɗigon fari-fari, har na ɗauka cuta ce, ashe halittarsu ce haka.

Na fara ganin ƙwan wani ƙwaro a bayan ganye, jere reras, launin tagulla. Da salatif nake ɗauke su, safiya da yamma.

7 Yuli 2024

Fure ya buɗe. Namiji ne yake fara fitowa, kusan mako guda kafin a ga mace, ita kuma ana gane ta da 'yar ƙaramar kabewa a gindin furen. Da sassafe wata ƙaramar zuma take zuwa, tun kafin rana ta fito sosai, kafin hantsi furen ya rufe, shi ke nan, na ranar ya wuce.

Nan ne aiki ya ƙaru mini. Tunda ina son ajiye iri, ba zan bar wa zuma ragama ba. Long Island da Musquée 'yan gida ɗaya ne, za su gauraya. Rouge Vif da Jarrahdale haka. Winter Luxury ita kaɗai ce pepo a filina, amma filin da ke kusa da ni cike yake da zukini, wani dangin kabewa mai kama da kokwamba, shi ma pepo ne. Kabewar da za ta fito bana ba za ta nuna komai ba, sai baɗi a ga ɗan da ba ya kama da uwa ba ya kama da uba.

Don haka da yamma nake zagayawa in nemo furen da zai buɗe gobe, wanda bakinsa ya fara yin ruwan ɗorawa, in ɗaure mace ɗaya da maza biyu da tsumma. Bayan sallar asuba in dawo, in tsinko namijin, in yaye masa ganyen fure, in goga garinsa a tsakiyar macen, in sake ɗaure ta, in sa jan zare a mariƙinta. Na yi wa Long Island uku, Jarrahdale ɗaya, Musquée ɗaya. Maigida ya ce yanzu na zama mai ɗaurin auren kabewa, saura goro da alawa.

Wani abu da ya ba ni mamaki a karance-karancena: duk dangin nan asalinsu nahiyar Amurka ne. An samu 'ya'yan kabewa a wani kogo a Oaxaca ta ƙasar Meziko da suka kai kimanin shekara 10,000. Wato kabewar da muke ɗauka tamu ce tun fil azal, baƙuwa ce da ta tsallako teku bayan zuwan Turawa can, kamar masara da rogo da gyaɗa da barkono. Kusan rabin kayan miyar taushe ke nan.

21 Yuli 2024

Dattijo ya yi gaskiya.

Ranar Alhamis na tarar da Rouge Vif ɗaya ta yi laushi da rana tsaka. Na ba ta ruwa, da safe ta ɗan miƙe, da rana ta sake kwanciya. Jiya na duƙa na duba gindinta, sai ga ɗan rami, da wani abu kamar jiƙaƙƙiyar dusa yana fitowa. Tsutsar kara ce. Uwarta wani ƙwaro ne mai baƙi da ruwan lemo, da rana yake tashi, ka ce rina ce. Na sha ganinsa a ƙarshen Yuni ina kauce masa don kada ya harbe ni, ashe ƙwai yake zuba mini.

Na ɗauki reza na tsaga karan a tsaye, na zaro tsutsa biyu farare, ƙosassu, masu kai ruwan ƙasa. Na rufe tsagar da danshin ƙasa. A Jarrahdale na ciro uku, a Winter Luxury ɗaya. Da na zo kan Long Island da Musquée na duba sama da ƙasa, babu ko alama. Dalilin a karan yake: na maxima da pepo yana da rami a ciki kamar bututu, tsutsa na shiga ta samu ɗaki da abinci, na moschata kuwa a cike yake, ga tauri.

Dattijon bai ce "ai na gaya miki" ba, Allah ya saka masa. Ya dai nuna mini in riƙa binne gaɓoɓin yaɗon da ƙasa nan da can, don su yi sabuwar saiwa, ko gindin ya mutu reshe ya rayu. Da na san wannan tun Yuni.

4 Agusta 2024

Rouge Vif ɗaya ta mutu, da 'ya'ya biyu da ba su ƙosa ba. Jarrahdale ɗaya ta bi ta, kuma ita ce mai jan zaren. Irin Jarrahdale na bana ya tafi ke nan.

18 Agusta 2024

Ruwa ya ɗauke. Ciyawar unguwa duk ta ƙone, ana ta maganar fari a labarai, musamman kudu maso gabashin jihar. Kwana biyu-biyu nake zuwa da yara muna jan tiyo, a gindi nake zubawa ba a kan ganye ba.

Duk da haka farar cuta ta sauka, kamar an barbaɗa wa ganye garin rogo. Winter Luxury ta fi shan wuya, tsofaffin ganyenta sun bushe ƙamas, amma 'ya'yanta huɗu sun riga sun yi launi. Long Island ko a jikinta. Ta tsallake iyakar filina ta shiga hanya, sai da na juyo da ita sau biyu. Na ƙirga 'ya'ya biyar a ɓoye ƙarƙashin ganye. Na sa wa kowace ɗan katako a ƙasa saboda ruɓa.

Ita dai Rouge Vif da ta tsira, gaskiya kyakkyawa ce. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Babu wanda ya taɓa tambayata sunan Long Island.

29 Satumba 2024

Ranar Juma'a ragowar guguwar Helene ta iso mana da iska da ruwa, bayan wata da watanni ana nema. Na ji tsoron kada kabewar da ta sha fari ta kwankwaɗi ruwa ta tsage, don haka yau da aka ɗan sarara muka je muka yanke duk wadda ta ƙosa. Gwajin farce na yi: idan ka danna ɓawon bai shiga ba, kuma mariƙin ya bushe ya yi tauri, ta yi. Na bar wa kowace mariƙi kamar tsawon yatsa, na kuma hana yara ɗaukarta ta nan, domin da zarar ya ɓalle, ta wurin ruɓa take shiga.

Abin da aka samu: Rouge Vif biyu, babbar kilo 8. Jarrahdale ɗaya tak, kilo 4. Winter Luxury huɗu, kowace wajen kilo 2. Long Island biyar, tsakanin kilo 3 da 4 da rabi. Musquée biyu na bar su a gona, har yanzu kore ne shar.

Na jera su a ɗakin da rana ta fi shiga, za su yi kwana goma zuwa mako biyu ɓawon ya ƙara tauri.

19 Oktoba 2024

Musquée ta shigo gida ranar 12 ga wata, da aka fara maganar sanyin dare. Rabin jikinta kore rabi ruwan ƙasa, babbar kilo 9.

Yau mun je baje kolin kabewa na garin Circleville, kudu da Columbus babban birnin Ohio, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Tun 1903 suke yinsa. An rufe titunan tsakiyar gari, ko'ina kabewa, har cikin ayis kirim da burodi. Manyan na gasa sun haura rabin tan, sai da injin ɗaga kaya ake motsa su, a kwance suke kamar sa ya ƙoshi. Autana ya tambaya tukunya nawa za a yi da guda ɗaya. Na ce masa waɗannan ba a ci, ruwa ne zalla. Ya ce to don me aka shuka? Ban ba shi amsa ba.

A can na ga Galeux d'Eysines da na kasa shukawa, na sayi ɗaya don gwaji.

27 Oktoba 2024

Mako guda ke nan suna bakin ƙofa. Mun ɗora su uku-uku, tunda masu faɗin nan suna zama a kan juna: Rouge Vif a ƙasa, Long Island a tsakiya, ƙaramar Winter Luxury a sama. Jarrahdale da Galeux a gefe ɗaya, Musquée ita kaɗai a matakala. Abin da ban zata ba, jar ba ta fito sosai sai da aka sa mai launin ƙwaryar a kanta. Maƙwabciyar da ta ba ni kabewa bara ta tsallako ta ɗauki hoto.

Ba a fafe ko ɗaya ba. Fafaffiya ba ta wuce mako take ruɓewa. Dokokina biyu: kada ta zauna a kan siminti mai danshi, kuma duk daren da aka ce sanyi zai kai sifiri, a kwashe su a shigo da su. Kabewar da ƙanƙara ta taɓa ba ta ajiyuwa.

Kurege ya ci rabon Winter Luxury ɗaya. Ya gwada Jarrahdale, haƙorinsa ya bar 'yan layuka, ya haƙura.

10 Nuwamba 2024

Ranar hukunci. Na gayyato wata 'yar'uwa 'yar Damagaram da muke zumunci a masallaci, don kada son raina ya shiga. Na yanka guda daga kowane iri, sai Musquée da na ce ta ƙara kwana. Tukunya biyar ƙanana, kayan miya iri ɗaya: romon ƙashin rago, tattasai, attaruhu, albasa, daddawa, niƙaƙƙiyar gyaɗa, alayyahu da 'yar yakuwa busasshiya da aka aiko mini. Muka yi waina.

Rouge Vif kyan ɗan maciji. Tana shiga wuta ta saki ruwa, sai da na ninka gyaɗa kafin miyar ta kama jikinta, ɗanɗanon kuma can nesa. Ta fi ta bakin titi nesa ba kusa ba, amma ba ta kai wahalar da na sha a kanta ba.

Jarrahdale sai da maigida ya sa babbar wuƙa yana bugawa da muciya kafin ta buɗe. Cikinta kauri, ramin ɗan kaɗan, tsokar a bushe, ga zaƙi. A miya zaƙin ya yi yawa, ya danne daddawa. Amma ragowar da na turara muka ci da garin ƙuli-ƙuli da ɗan mai, kafin a kai ga waina an cinye.

Winter Luxury laushi kamar auduga, sai dai ba ta da nauyin da miya ke so. Galeux ta narke sumul, ba zare ko ɗaya, baƙuwata ta ba ta na biyu.

Long Island ce ta yi abin da ake nema. Ta dahu, na sa ludayi na danna, ta baje ta haɗe da gyaɗar, miyar ta yi kauri ba tare da an roƙe ta ba, launin ya fito, zaƙin daidai wanda yakuwa za ta iya ja da shi. Baƙuwata ta ɗanɗana ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, wannan ai kabewar gida ce." Ta tafi da guda ɗaya sukutum.

29 Nuwamba 2024

Jiya Thanksgiving, yara suna hutu. Babbar 'yata ta gasa Winter Luxury biyun da suka rage ta yi kek irin nasu, da kirfa da citta da madara. Nan ne wurinta, na yarda. Dama ɗaya ta fara laushi a gindi, pepo ba ta wuce wata biyu zuwa uku.

Rouge Vif ta biyun ita ma ta fara tabo. Hajiya ta ce in yanyanka ta siri-siri in shanya kamar yadda ake yi a gida. Na ce Hajiya ina ranar take? Na dafa na tace ruwan na ƙulla a leda na sa a firiza.

12 Janairu 2025

Musquée ta rikiɗe gaba ɗaya ta koma launin tukunyar ƙasa. Na fasa ƙaramar ranar Juma'a. Cikinta ja kamar manja, ƙamshinta ya cika kicin tun tana ɗanya. A miya ta fi Long Island ƙamshi, ta fi ta ruwa kaɗan, kuma girmanta matsala ne ga gida mai mutum biyar: idan ka fasa sai ka nemi wanda za ka ba.

Long Island biyu suna nan a ɗakin ƙasa, inda sanyin yake wajen digiri 12, a kan katako, ba sa taɓa juna. Na danna su yau, tauri kamar ranar da aka yanko. Cikin ukun da na ɗaura wa aure biyu ne suka kama; ɗaya ita muka ci a Nuwamba, na wanke 'ya'yanta na shanya mako uku, yanzu suna cikin ambulan da suna da shekara. Na cika cokali biyu na kai wa dattijon gona.

Tsarin bana: tudu uku Long Island, ɗaya Musquée da zan fara tun ƙarshen Afrilu, ɗaya Jarrahdale da zan lulluɓe da farin yadi har sai ta fara fure, in binne gaɓoɓinta tun da wuri. Rouge Vif ba za ta ƙara cin filina ba. 'Yata ta yi fushi, muka sasanta a kan za a sayo guda ɗaya a kasuwar manoma idan Oktoba ta zo, daga kuɗinta.

Babbar Musquée da Long Island biyun nan na ce kada wanda ya taɓa. Azumi zai kama a farkon Maris, ina son in ga wadda za ta kai.